WANDA YA CI LADAN KUTURU: Yadda kuɗin attajirai ke juya bakin jam'iyyu a Amurka

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, da mai karanta wannan jarida da kansa, da wanda a ke karanta wa a gindin itace, kun tuna da lokutan kamfe. Daga zaɓen 1993 har zuwa na 2021, duk wanda ya zauna a karkara ya ga yadda a ke yi. Ƙura ta tashi daga nesa, motoci su shigo gari a jere, makaɗa a gaba. A sauke turamen zane masu hoton ɗan takara, da sabulu, da sukari da shayi na samari. A yi jawabi, a yi tafi, kafin la'asar sun wuce gari na gaba. Bayan sun tafi sai gardama ta tashi a kan wa ya sami turmi, wa bai samu ba. Ba safai a kan tambayi wanda ya sayi man motocin nan ba.

Tambayar da muka ɗauko ke nan a wannan wata. Ƴan takara kaɗan ne ke da dukiyar da za ta ɗauki kamfe. Galibi akwai mai biya a bayansu, attajiri ko kamfani ko wata ƙungiya mai ƙarfi. Sabulu da zane ƙaramin kashi ne na abin da ya ke saye. Babban cinikinsa shi ne bakin jam'iyya, watau maganar da za ta yi wa jama'a da wadda za ta haɗiye. Kowa ya san maroƙi: in ka ji ya sake kirari a tsakiyar biki, duba hannun da ya miƙa masa kuɗi.

Za mu ɗauko misalanmu daga Amurka. Dalili kuwa shi ne can doka ta sa a rubuta yawancin gudummawar da a ke ba ƴan siyasa, kotuna da ƴan jarida kuma sun tona da yawa daga abin da aka so ɓoyewa. Amma a lura. Duk inda muka ce dala a nan, dalar Amurka mu ke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A shekarar 2024 dalar Amurka guda ta kai wajen tamma 600 na sefa.

MANOMI, BASHI DA ZINARIYA

Mu koma baya kusan shekara 130. A wancan zamani mutum huɗu cikin goma na masu aiki a Amurka da noma su ke ci. Suna noman alkama da masara da auduga, kuma suna cikin wahala. Tsakanin 1881 da 1894 kuɗin alkama ya faɗi fiye da rabi. A jihar Kansas, a 1889, masara ta yi arha har manoma suka riƙa hura wuta da ita.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an ɗaure kuɗin ƙasar da zinariya. Jama'a na ƙaruwa, amfanin gona na ƙaruwa, amma kuɗin da ke yawo a hannun mutane ba su ƙaru daidai da haka ba, don zinariyar ba ta da yawa. In kuɗi suka yi wuya, kaya sai su yi arha. Manomin da ya ci bashi lokacin da buhu ɗaya ke biya, yanzu sai ya sayar da buhu biyu. Wanda ya taɓa cin bashin a-ci-ba-daɗi da damina, ya biya da dammuna a kaka, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Manoman suka haɗa kai. A 1892 suka kafa jam'iyyarsu, Jam'iyyar Jama'a, suka rubuta bukatunsu. Suna so gwamnati ta karɓi jiragen ƙasa, don kamfanonin jirgi na tsuga musu kuɗin ɗaukar kaya. Suna so mai samu da yawa ya biya haraji da yawa. Suna so a gina rumbunan gwamnati, manomi ya ajiye amfaninsa, a ba shi rancen kashi 80 cikin ɗari na darajarsa da ɗan kuɗin ruwa kaɗan, ya jira har kasuwa ta tashi. Waɗanda suka san warantaj a garuruwanmu za su gane shi nan da nan, tunanin ɗaya ne. Cikin bukatun nan har da cewa a buga kuɗin azurfa da yawa a haɗa da na zinariya, don kuɗi su wadata. A zaɓen wannan shekara ɗan takararsu ya sami ƙuri'a fiye da miliyon ɗaya.

To, akwai wasu mutane da maganar azurfa ta yi wa daɗi ƙwarai: masu ramukan haƙar azurfa na yammacin ƙasar. Azurfa ta karye a kasuwa, in kuwa gwamnati ta yarda ta saye ta a farashin da a ke nema, za su sami kusan ninki biyu. Sai suka zuba kuɗi. Suka tallafa wa ƙungiyoyin azurfa, aka buga littattafai, aka biya masu yawon jawabi. Ba su ba da ko anini don a yi maganar rumbu ko ta jirgin ƙasa ba. A hankali azurfa ta rufe sauran bukatu. Wani marubuci daga cikin masu goyon bayan manoman ya kwatanta ta da tsuntsuwar nan da ke jira wata ta gama sheƙa, sa'an nan ta zo ta sa ƙwanta a ciki.

A watan Yuli na 1896 jam'iyyar Dimokurat ta yi taro a Shikago ta tsai da William Bryan, saurayi ɗan shekara 36 daga jihar Nebraska, mai baki ƙwarai. Azurfa ita ce tutarsa. Jam'iyyar manoma ta bi shi, daga nan kuma ba ta sake tashi da ƙarfinta ba.

A ɗaya gefen, jam'iyyar Rifablikan ta tsai da William McKinley, mutumin jihar Ohayo. A bayansa akwai Mark Hanna, attajirin gawayin ƙasa da ƙarfe da jiragen ruwa. Zumuncinsu ya daɗe. A 1893, McKinley yana gwamna, wani abokinsa da ya tsaya wa a banki ya karye, bashin fiye da dala 100,000 ya faɗo a kansa. Hanna da wasu attajirai suka haɗa kuɗi suka biya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Abin lura a nan shi ne McKinley ba maƙiyin azurfa ba ne tun asali. Yana depite, a 1878 da 1890, ya jefa ƙuri'a ga dokokin da suka sa gwamnati ta sayi azurfa. Maganar da ya fi so ya yi wa jama'a ita ce ta kuɗin duwan a kan kayan waje. Amma manyan jam'iyya na gabashin ƙasar da masu bankunan Niyok ba su yarda a yi ta kewaye-kewaye ba. A taron jam'iyya na watan Yuni aka rubuta zinariya ƙarara a cikin manufa. Wakilan jihohin azurfa suka tashi suka fita.

Da Bryan ya fito, tsoro ya kama masu kuɗi, Hanna kuwa ya san amfanin tsoro. Ya bi bankuna yana yanka wa kowane abin da zai bayar gwargwadon jarinsa, sai ka ce mai karɓar lanfo. Kamfanin mai na Standard Oil kaɗai ya ba da dala 250,000. Abin da aka rubuta cewa an tara ya kai miliyon 3 da rabi, ya ninka na Bryan sau da yawa. Da kuɗin nan aka buga ƴan takardu fiye da miliyon 200, cikin harsuna dabam-dabam, alhali masu zaɓe ba su wuce miliyon 14 ba. Aka aika masu jawabi wajen 1,400. Saƙonsu guda: in aka buga azurfa, dalar da ke aljihunka za ta koma rabi, masana'antu za su rufe. An ba da labarin masu masana'antu da suka gaya wa leburorinsu cewa in Bryan ya ci, kada su dawo aiki washegari.

Bryan ya shiga jirgin ƙasa ya yi tafiyar kilomita kusan 29,000, ya yi jawabi wajen 600, har muryarsa ta dishe. McKinley bai bar gida ba. Ya zauna a barandar gidansa a garin Canton, kamfanonin jirgi suka rage kuɗin tikiti, aka yi ta kwaso masa jama'a, wajen mutum 750,000 kafin ranar zaɓe. Ya sami ƙuri'a miliyon 7 da ɗoriya, Bryan miliyon 6 da rabi. Gaskiya ba kuɗi kaɗai suka kayar da Bryan ba. Leburan birni ba ya son abinci ya yi tsada, kuma daf da zaɓe alkama ta ɗan tashi saboda ƙarancin amfani a wasu ƙasashe. Amma ku duba abin da aka gabatar wa manomi ranar ƙuri'a: zinariyar masu banki ko azurfar masu rami. Rumbun da ya nema da bakinsa ba shi a tsakiyar gardamar. Shekara ta zagayo, Hanna ya zama sanata.

KUƊIN NONO

Yanzu ga labarin makiyaya. Mai shanun tatsa a Amurka ba ya yawon kiwo. Garkensa na wuri ɗaya, yana tatsa safe da yamma, motar koperatif ta zo ta ɗauki madara. A shekarun da mu ke magana, gwamnati ke tsare masa farashi. Kowace shekara, kafin 1 ga Afrilu, ministan noma kan yanka kuɗin da madara ba za ta faɗi ƙasa da shi ba. In kasuwa ta nemi karyewa, sai gwamnati ta sayi man shanu da cuku da madarar gari ta ajiye. Dattawanmu da suka ga zamanin gyaɗa sun san irin wannan: hukuma ta faɗi kuɗin kilo kafin a buɗe kasuwa, SONARA ta saye. Kun ga ke nan arzikin dubban gidaje na rataye a alƙalamin mutum guda.

A 1969 ƙananan koperatif da yawa suka haɗu suka zama babba guda, mai suna AMPI, da mambobi wajen 40,000. Shugabanninta suka buɗe asusun siyasa, ana tara kuɗi kaɗan-kaɗan daga mambobi. Da haka ƙungiyar masu shanu ta shiga sahun manyan masu ba da kuɗi. Sai dai a zaɓen 1968 shugabannin nan sun bi Hubert Humphrey na Dimokurat, shi kuwa ya faɗi, Richard Nixon na Rifablikan ya ci. Dole a nemi shiri. A watan Agusta na 1969 wani lauyansu ya kai wa Herbert Kalmbach, lauyan Nixon, tsabar dala 100,000. A 1970 suka yi alkawarin dala miliyon 2 don zaɓen 1972, watau wajen miliyon 550 na sefa a canjin lokacin. A watan Disamba na wannan shekara aka rubuta wa Nixon wasiƙa. A cikinta an ambaci kuɗin, an kuma roƙe shi ya taƙaita shigo da kayan madara daga ƙasashen waje. Roƙo da lada a takarda guda.

Ran 12 ga Maris 1971 ministan noma, Clifford Hardin, ya faɗi hukuncinsa. Farashi zai tsaya inda ya ke, dala 4.66 a kan kowane ma'auni na kilo 45. Masana na ma'aikatarsa sun duba, sun ga in aka ƙara, madara za ta yi yawa, gwamnati ta yi ta saye da kuɗin jama'a. Shugaban ƙasa ya amince da haka.

Masu nono ba su kwanta ba. Suka cika majalisa da wasiƙu da ƴan aike. Depitoci fiye da ɗari, yawancinsu ƴan Dimokurat, suka sa hannu a kan ƙudurin ƙara farashi. Ran 23 ga Maris da safe Nixon ya karɓi shugabannin masu nono a fadarsa, ya gode musu da goyon bayan da su ke ba shi. Da yamma ya zauna da ministocinsa. Ministan kuɗi, John Connally, mutumin Teksas, ya tuna masa cewa mutanen nan na da kuɗi, suna da ƙuri'a a jihohin noma, kuma in majalisa ta riga shi ƙarawa, ita za a gode wa. Nixon ya yarda a ƙara. Amma ba a faɗa ba tukuna. Daren 24 ga wata aka haɗa shugaban AMPI, Harold Nelson, da Kalmbach a wani otel a Washinton, ya sake tabbatar da alkawarin miliyon 2. Da gari ya waye, ran 25 ga Maris, minista Hardin ya fito ya ce an sake nazari, abincin shanu ya yi tsada, don haka farashi ya koma dala 4.93.

Kwana 13 ke nan tsakanin magana ta farko da ta biyu. Shanun nan dai su ne, ciyawar ita ce. Bakin gwamnati ne ya juya.

Kuɗin suka fara shiga, amma ba a dunƙule ba. An rarraba su dala 2,500 ga kowane ɗaya daga ƙananan kwamitoci masu yawa da aka ƙirƙira da sunaye masu daɗin ji. Ba duka miliyon biyun suka isa ba, don ƴan jarida sun fara shinshino labarin, kuma a farkon 1972 wani lauya mai kare masu sayayya, Ralph Nader, ya kai gwamnati ƙara. Duk da haka Nixon ya ci zaɓen 1972 a jihohi 49 cikin 50.

Abin da ya tona asiri kuwa, Nixon da kansa ya dasa shi. Ya sa an ɓoye rakoda a ofishinsa tana ɗaukar duk hirar da a ke yi. A 1973, cikin binciken wata badaƙala da a ke kira Watergate, aka gano da ita. Hirar 23 ga Maris na cikin kaset. A watan Janairu na 1974 fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa Nixon ya san da alkawarin kuɗin, amma ta ce matsin majalisa da lissafin ƙuri'a ne suka sa ya ƙara farashi. A watan Agusta ya sauka daga mulki saboda Watergate. Kotu ta ci AMPI tarar dala 35,000, ta ɗaure Nelson da mataimakinsa David Parr wata huɗu-huɗu saboda gudummawar haram. A nan aka ga cewa sun ba manyan Dimokurat ma, har da Humphrey da wani babban depite mai suna Wilbur Mills. Ba su zuba ƙwansu a kwando ɗaya ba. Shi kuwa Connally an tuhume shi da karɓar dala 10,000, amma a 1975 kotu ta wanke shi.

Wani makiyayi zai ce, to, mene ne laifi? Masu shanu sun haɗa kai, sun sami farashi. Haɗin kai ƙarfi ne, ba mu musa ba. Amma ƙarin nan daga aljihun uwar da ke sayen madara a birni ya fito, da na mai biyan haraji, kuma ba a gaya musu ainihin yadda aka yi ba. Sa'an nan tallafin farashi da lita a ke auna shi. Mai shanu 500 ya fi mai shanu 10 samu sau hamsin. A 1970 gidajen da ke da shanun tatsa a Amurka sun fi 600,000. A ƙidayar 2022 ba su kai 40,000 ba. Injuna da manyan garkuna sun ture ƙanana, kuɗin da aka kai wa ƴan siyasa da sunansu bai tsai da haka ba.

AN RUFE ƘOFA, AN BUƊE TAGA

Kowace badaƙala ta kan haifi doka. A 1907 aka hana kamfanoni ba ƴan takarar tarayya kuɗi. A 1974, bayan Nixon, aka ce mutum guda ba zai ba ɗan takara fiye da dala 1,000 a zaɓe guda ba, aka kafa hukumar sa ido. Amma a 1976 Kotun Ƙoli ta ce kashe kuɗi don yaɗa ra'ayi yana cikin ƴancin magana. Ran 21 ga Janairu 2010, a shari'ar da a ke kira Citizens United, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu: kamfani ko ƙungiya na iya kashe ko nawa ne don tallata ɗan takara ko ɓata shi, muddin ba a hannunsa aka sa kuɗin ba. Daga nan aka sami manyan asusun siyasa marasa iyaka. A 2024 abin da doka ta yarda ka miƙa wa ɗan takara kai tsaye dala 3,300 ne a zaɓe guda. Abin da za ka zuba a asusun da ke yi masa talla kuwa ba shi da ƙaidi. Zaɓukan tarayya na wannan shekara sun ci wajen dala miliyar 15, watau ninki uku na kasafin kuɗin Nijar na shekarar.

Ɗan siyasar da ba shi da attajiri guda sai ya nemi da yawa. A 2013 wata takardar da jam'iyyar Dimokurat ta nuna wa sababbin depitocinta ta fita waje. An shawarce su su riƙa ɓata awa huɗu kowace rana a kan tarho suna roƙon kuɗi. Wanda ka ke hira da shi awa huɗu kullum, damuwarsa ka ke sani, harshensa ka ke koyo. Mai garma ba ya cikin waɗanda a ke kira.

Shi ya sa ɗan takara kan yi harshe biyu. A watan Mayu na 2012 Mitt Romney na Rifablikan ya ci abinci da attajirai a jihar Fulorida, kowace kujera dala 50,000. Ya ce musu kashi 47 cikin ɗari na jama'a sun dogara ga gwamnati, kuma damuwa da su ba aikinsa ba ne. Bai san mai raba abin sha yana ɗaukar hoto ba. Da maganar ta fita ta yi masa illa, Barack Obama ya kayar da shi. A watan Yuni na 2019 Joe Biden na Dimokurat ya gaya wa masu ba shi kuɗi a Niyok cewa in ya hau, babu abin da zai sake daga tushe a zaman da su ke yi. Shi ya ci zaɓensa a 2020.

Kada a ɗauka mai kuɗi kullum shi ke ci. A 2020 Michael Bloomberg ya kashe fiye da dala miliyar ɗaya daga aljihunsa yana neman Dimokurat ta tsai da shi, bai ci ko jiha guda ba. A 2024 Kamala Harris ta fi Donald Trump tara kuɗi, ta faɗi. Elon Musk, mai kamfanin motoci na Tesla, ya zuba fiye da dala miliyon 250 don Trump da jam'iyyarsa, har ya riƙa ba mutum guda dala miliyon ɗaya kowace rana a makonnin ƙarshe. A 2025 ya gwada irin wannan a zaɓen alƙali a jihar Wiskonsin, ƙasar nono da cuku. Ya sa hular cuku a kansa, ya raba wa mutum biyu miliyon ɗai-ɗai a gaban jama'a. Ran 1 ga Afrilu mutuminsa ya faɗi da tazarar kashi 10 cikin ɗari. Amma kafin nan ya riga ya karɓi ladansa na 2024. Trump ya damƙa masa aikin rage kashe kuɗin gwamnati, ya riƙe daga Janairu zuwa Mayu na 2025. Cikin abubuwan farko da aka rushe har da hukumar taimako ta USAID, wadda da yawanmu sun ga sunanta a jikin buhunan abinci da gwangwanayen mai.

TALLAR DA BA TA FAƊI HAJARTA BA

Mu koma Ohayo, jihar Hanna da McKinley. Akwai wasu kuɗin intanet da a ke kira kirifto. Kada a haɗa su da kuɗin da ɗanka ke aiko maka ta salula, waɗancan sefa ne. Kirifto babu gwamnatin da ta buga su, a cikin kwamfuta kaɗai su ke, darajarsu na hawa da sauka kamar kuɗin rago daf da layya. Wasu sun yi arziki da su, wasu sun tsiyace. A 2021 Trump ya ce babbansu, Bitcoin, ya yi masa kama da damfara. A watan Yuli na 2024, bayan masu wannan sana'a sun fara ba shi gudummawa, ya je taronsu a garin Nashville ya yi alkawarin mai da Amurka cibiyar kirifto ta duniya.

Kamfanonin kirifto sun kashe fiye da dala miliyon 130 a zaɓukan majalisa na 2024, suna taimakon ƴan jam'iyyun biyu. Babban wanda suka sa wa ido shi ne sanata Sherrod Brown na Ohayo, ɗan Dimokurat, shugaban kwamitin bankuna, wanda ya daɗe yana cewa a tsananta musu doka. Suka zuba wajen dala miliyon 40 don abokin takararsa, Bernie Moreno. Mutumin Ohayo da ya kunna talabijin ya ga tallar nan ba iyaka. Ana yabon Moreno, ana maganar aikin yi da tsaron iyakar ƙasa, abubuwan da a ka san suna damun jama'a. Kirifto kuwa, wanda don shi aka biya kuɗin tallar, ba shi a ciki.

Brown ya faɗi a watan Nuwamba. A 2025 majalisar dattawa ta amince da dokar da masu kirifto ke nema da ƙuri'a 68 a kan 30, majalisar depitoci da 308 a kan 122, da hannun ƴan jam'iyyun biyu. Trump ya sa hannu ran 18 ga Yuli, shugabannin kamfanonin na zaune a gabansa. A watan Agusta Brown ya ba da sanarwar zai sake neman kujerar sanata. Da aka tambayi ɓangarensa game da kirifto, amsar da aka bayar ita ce kirifto ya riga ya zama wani sashe na tattalin arzikin Amurka.